Inna Mai Muruci da Giginyun da Ta Bari

Daga Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. Ranar Alhamis, 16 ga watan Mayu, 2024, a farkon watan Zulƙida, Allah Ya karɓi ran surukata, mahaifiyar maigidana, a ɗakinta da ke cikin garin Illela, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. Da hantsi ta cika. Aka yi mata salla bayan azahar, cikin zafin bazarar nan da ya kwantar da tsofaffi da yawa a bana, aka kai ta makwancinta. Shekarunta sun ɗan haura saba'in. Ta bar 'ya'ya uku da jikoki, ta kuma bar wata garka ta giginyu a bakin fadama, gabas da ƙauyen Amarawa.

Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa kama sunanta da bakina ba, kamar yadda ya dace da suruka. Amma wanda ba ɗan garin nan ba yana bukatar sanin wadda ake magana a kanta, don haka zan rubuta shi sau ɗaya, ta yafe mini: sunanta Tasalla. A tasha da kasuwa kuwa, daga nan har Birnin Konni, Inna Mai Muruci ake ce mata. Ni Mahbuba, matar babban ɗanta, Inna kawai nake cewa, kuma da shi zan ci gaba da kiranta a nan.

Inna, zaman makoki ya tashi, baƙi sun watse, an naɗe tabarmi. Duk wanda ya zo gaisuwa ya faɗi alherinki, kuma babu wanda ya yi ƙari. Sai dai na lura kowa murucinki yake tunawa, da yadda kike ƙara wa mai saye ɗaya a kai ko bai roƙa ba. Ba a cika ambaton itatuwan ba, alhali su ne aikin da kika ba rabin rayuwarki.

Ke kika ba ni labarin farkon abin, wata rana muna ɓare muruci a tsakar gida. Kika ce a ƙasar Dendi aka haife ki, can yankin Gaya, inda giginya ta cika kwari har mutum ba ya ganin ƙarshenta. Marigayi Baba, lokacin yana direban babbar mota, ya auro ki ya kawo ki Illela. Kika ce shekarunki na farko a nan, abin da kika fi kewa bayan mahaifiyarki shi ne ƙarar ganyen giginya idan iska ta taso, wadda baƙo ke ɗauka ruwan sama ne ya sauko.

Sai babban farin nan na tsakiyar shekarun tamanin ya zo. Rumbuna suka ƙare, dabbobi suka faɗi. Baba ya dawo daga Gaya da buhunan ƙwallon giginya, saƙon 'yan'uwanki, don su ma ba su da hatsin da za su aiko. Mutanen unguwa suka yi ta kallon buhunan, ba su ga abin ci a ciki ba. Kika nemi aron wani lungu a bakin fadama, kika binne ƙwallayen, kika riƙa ba su ruwan rijiya. Bayan wasu watanni kika tafi da dagi kika tono muruci, kika dafa a babbar tukunya, gidanku ya ci, maƙwabta suka ci. Har ranar jana'izarki akwai dattijon da ya ce shi da ƙannensa murucin nan ne ya kai su damina.

Daga nan sana'a ta kafu. Amma kin ce tun tonon farko hannunki ya ƙi tone su duka. Muruci ai giginya ce tana jaririya; duk wanda aka dafa, itaciya guda ce aka fasa. Sai kika bar kaɗan a ƙasa. Da ciniki ya kankama kika sayi wannan yankin, wanda babu mai sonsa a lokacin saboda ruwa na kwanciya a gefe ɗaya, yashi na cin ɗaya gefen. Kowace damina kina binne na sayarwa a wuri guda, na bari kuma kina rarraba su nesa da juna, kowace a inda za ta zauna har abada, domin giginya ba ta yarda da dashe. Saiwarta kan nutsa ƙasa kamu guda ko fiye kafin ta nuna ganye ko ɗaya a sama, kuma in aka taɓa saiwar nan an gama da ita.

Wanda bai reni giginya ba bai san wahalarta ba. Shekaru takan yi tana 'yan ganye a ƙasa, ba ta da gangar jiki, kamar ba ta da niyyar tashi. A wannan lokacin kowa abokin gabanta ne. Da rani, idan duniya ta bushe, ita kaɗai ce kore a fili, don haka akuya da saniya da raƙumi duk kanta suke yi. Masu saƙar tabarma da mafici suna yanke mata ganye tun bai ƙosa ba. Wutar daji kuma in ta biyo busasshiyar ciyawa, sai ta lashe wahalar shekara biyar kafin a ɗebo ruwa. Ke kika yi wa kowace shingen ƙaya da hannunki. Ke kike share ciyawar gindinsu bayan kaka. Shekarun farko kina ɗora jarkoki a amalanken jaki kina bi kina shayar da su ɗaya bayan ɗaya. Tafin hannunki duk tabon ƙaya ne, har lalle ba ya kama shi sosai.

Mutane sun yi magana. Wasu suka ce macen da ke da 'ya'ya ƙanana ta rasa abin shukawa sai itacen da ba za ta ci 'ya'yansa ba. Baba kansa, Allah Ya jiƙansa, ya so ki sa albasa a wurin kamar kowa. Ba ki yi gardama da shi ba. Kika sa albasa da gero da wake a tsakankaninsu, kika nuna masa giginya ba ta hana amfanin gona, ya ƙyale ki.

Ni na zo gidan nan daga Sakkwato, ban san komai game da gona ba, muruci ma a faranti na san shi. Cikina na farko ya zo da matsala, yaron bai zo da rai ba. Na shige ɗaki na rufe kaina, ba na son ganin kowa, har maigidana ya rasa yadda zai yi da ni. Kin bar mata suka yi ta ba ni haƙuri, ke kuwa naki rarrashin shi ne kunun kanwa da ruwan wanka da ba su taɓa yankewa ba. Da na yi arba'in kika leƙo da safe kika ce in sa hijabi in raka ki, ƙafarki na ciwo, kina son mai riƙe miki ƙwarya. Ƙafarki lafiya lau take. Na gane haka tun kafin mu fita gari.

A garka kika ba ni ƙwallaye a ƙwarya, kina haƙa rami ina sakawa, muna rufewa. Muka yi ta yi har rana ta ɗaga. Sannan kika nuna mini wani fili a tsakiya inda babu komai, kika ce a nan kin binne sau uku, ba ta fito ba, a na huɗu ta fito kuma gara ta cinye. Kika ce kin binne 'ya'yan cikinki biyu kafin maigidana ya tsaya, kuma har yau kin san ranakunsu. Kika ce, “Ba a mancewa, ɗiyata. Amma hannu in yana aiki, zuciya tana samun wurin numfashi.” Na yi kuka a wurin, irin wanda ban yi ba a ɗaki. Kika bar ni na gama, kika miƙo mini ruwa, muka ci gaba. Daga baya da na samu Shahida, kuma na so komawa makarantar koyon aikin lafiya, ke kika karɓe ta kika goya, kina tallan muruci da ita a baya har na gama. Aikin da nake yi yau a asibitin sha-ka-tafi, bayanki ne ya ɗauke shi.

Ba za a yi maganar garkar nan ba a ambaci Malam Boyi ba, makiyayin da rugarsu ke bayan fadama, da matarsa Hawwa. Hawwa ce ta ba ni labarin yadda kuka saba. Wani rani, tun kafin zuwana, shanunsa suka keta shinge suka cinye ƙananan giginyu na shekaru uku, ba su bar ko ɗaya da ganye ba. Kowa ya zaci za ki kai ƙara wurin hakimi, 'ya'yanki ma sun so haka. Sai ga ki a ruga da ƙullin muruci. Hawwa ta ce gabanta ya faɗi da ta hango ki. Kika zauna kika sha furar da ta dama, kika tambayi lafiyar yara, sannan kika sa aka kira Boyi. Kika ce masa shanu ba su da laifi, yunwa ce, amma ke ma kina da naki abin kiwo, kuma naki ba ya iya gudu. Kika ce idan an kawar da amfani ya kawo garkensa su kwana a gonar, su ci kara da harawa su bar miki taki, shi kuma ya zama idonki a kan ƙananan.

Haka aka yi, kuma haka aka zauna shekaru sama da ashirin. Boyi ya san kowace giginya a wurin kamar yadda ya san shanunsa. Shi ke korar masu satar ganye, shi ke gyara shinge in iska ta kwantar, shi ya kashe wuta sau biyu da ɗanyen reshe kafin ta kai gare su. Ya aurar da 'ya'yansa kina uwar biki. Da Baba ya rasu, Hawwa ta yi kwanaki a ɗakinki tana taya ki takaba.

Ina nan aka yi furen farko. Giginya ba ta nuna ko namiji ce ko mace sai ta kusa shekara ashirin, wata ma ta wuce. Duk tsawon lokacin nan kina shayar da abin da ba ki san mene ne ba. Da manyan suka fara fure, sai ga mafi yawansu maza, masu fitar da dogon abu kamar zangarniyar gero, ba sa 'ya'ya. Matan ba su kai goma ba. Aka samu abin dariya a tasha, ana cewa Inna ta yi renon gardawa. Wani mai sayar da azara ya zo har gida ya ce tunda mazan ba su da amfani, kuma itacensu ya fi ƙarfi, gara ba ta cinsa, ki sayar masa idan sun ƙosa. Kika ba shi muruci ya ci, kika ce masa a garinku ba a taɓa ganin mace ta haihu ita kaɗai ba, ko a cikin itatuwa. Ya tafi yana dariya, bai sake dawowa ba.

Ranar da ƙwallon farko ya nuna ya faɗo, Boyi ne ya kawo shi gida a cikin malfarsa. Ja ne mai ruwan lemo, ya kusa kan yaro, ƙamshinsa ya cika tsakar gida. Kika riƙe shi kina jujjuyawa. Kika jiƙa naman kika dama kunu da ruwansa, aka raba wa gidajen unguwa a ƙananan kwanoni, don kowa ya ɗanɗana. Ƙwallayen ciki guda uku kuwa kika mayar da su ƙasa da damina.

Shekarun da suka biyo baya su ne masu daɗi, kuma ba mu san su ne ba sai da suka wuce. Kin daina jiran ƙwallo daga Gaya, naki na isar ki har ki ba wasu. Matan da mazansu suka mutu ko suka tafi ci-rani suka ɓace, kin koya wa da yawa binne ƙwallo da dafa muruci, kika ba su iri ba ki karɓi komai ba, ko da yake gobe a tasha ɗaya za ku zauna kuna neman mai saye ɗaya. Manyan giginyun suka zubar da tsofaffin ɓawonsu, jikinsu ya yi sumul, wasu suka fara yin cikin nan da giginya ke yi can sama. Mai tahowa daga Amarawa yana hango kawunansu tun daga nesa. Direbobi har kwatance suke yi da su. Tsattsewa suka yi sheƙa a ƙarƙashin ganyen, jemagu na zuwa da magariba. Ranar Juma'a da yamma kikan ce a kai ki, ba don wani aiki ba, ki zauna a kan buhu ki saurara.

Sai duniya ta juya. 'Yan bindiga suka fara shigowa ƙauyukan yankin nan, zuwa gona ya zama abin da ake yi da addu'a a baki. Boyi na cikin waɗanda aka fara taɓawa. Aka kore masa shanu, ɗansa Sahabi ya bi sawu, ba a sake ganinsa ba. Duk da haka bai tsira daga bakin mutane ba. A gari aka fara kallon duk mai sanda da malfa da ido ɗaya, ana raɗe-raɗin cewa mutanen ruga ne ke nuna hanya. Hawwa ta kawo nono kasuwa, matan da suka shekara suna saye a wurinta suka kau da kai. Ke kika tashi daga kan tirenki, kika je kika zauna kusa da ita, kika sayi nonon kika sha a gaban kowa. Kin je wurin mai unguwa, kin je wurin liman, kin ce mutumin da ya tsare miki itace shekara ashirin bai ɗauki ganye ɗaya ba, ba shi zai sayar da maƙwabcinsa ba. An saurare ki saboda girmanki, amma babu abin da ya sauya.

Bayan kakar 2022 Boyi ya zo sallama. Ya tsaya a zaure, ya ƙi shigowa. Ya ce daji ya hana su kwana, gari ya hana su wuni, za su tsallaka iyaka zuwa arewa wurin dangin Hawwa. Ya ce ya gyara shingen ƙananan duka, ya share ciyawa, amma ki nemi wani kafin rani ya yi nisa. Kika ce masa wa za ki nema. Kika ba Hawwa zanenki mafi kyau da buhun gero, kika raka su har bakin titi, abin da ban taɓa ganin kin yi wa baƙo ba.

Ba a samu wani ba. Babu mai yarda ya kwana a bakin fadama, ko nawa za a ba shi. Kafin azumi, wani manomi ya zo ya gaya wa maigidana an ji kukan injin zarto a wajen garka kwana biyu a jere. Da suka je, mazan giginyun nan duka suna ƙasa. An zaɓe su ne ɗaya bayan ɗaya, aikin wanda ya san itace; an tsaga gangar an kwashe, an bar kawunan da ganye a warwatse, awaki na ci. Shingen ƙananan kuma motar da ta yi lodi ta bi ta kansa. Har yau ba a san ko su wane ne ba. Abin da aka sani shi ne azarar giginya ta yi araha a kasuwannin yankin nan a wannan watan.

Mun so mu ɓoye miki, amma kin gani a fuskar ɗanki. Kika ce a kai ki. Na bi ku. Kika bi kututturan nan kina dafa kowanne, kina faɗin shekarar da kika binne shi: wannan shekarar da aka haifi autanki Usama, wannan shekarar da Baba ya je Makka. Ba ki yi kuka ba, ba ki zagi kowa ba. Da kika gama kika ɗaga kai kika dubi matan, waɗanda aka bari tsaye da nonon 'ya'yan da suka riga suka ɗauka. Kika ce waɗannan ne na ƙarshe, kada a sayar da ko ɗaya, kada a dafa.

Da suka nuna suka zubo, kika sa aka tattara su duka. Da saukar damina kika binne su a gefen kowane kututture, uku-uku, huɗu-huɗu, da fatan a cikinsu Allah Zai fitar da maza. Jikoki suka saro ƙaya aka sake shinge. Na tambaye ki, cikin wasa, wa zai ga furensu. Kika ce ba ke ba, wataƙila ba ni ba ma, amma Shahida tana da ƙuruciya.

A cikin wannan daminar aka rufe bodar da ke tsakaninmu da Birnin Konni. Wanda bai zauna Illela ba ba zai gane abin da wannan ke nufi ba. Garin nan da iyaka yake numfashi. Maigidana ɗan canji ne, ya koma yana wuni a kan benci ba wanda ya tambaye shi sefa. Usama, autanki, da kabu-kabu yake ci da iyalinsa, ya jingine babur. Manyan motoci suka yi layi a bakin hanya, kaya na ruɓewa a ciki, direbobi baƙi sun ƙare guzuri. Ɗan abin da kika adana, kin dafa shi kin aika musu, kina cewa mijinki direba ne, kin san yadda yunwar hanya take. Hatsi ya yi tsadar da ba mu taɓa gani ba, gonaki da yawa kuma ba a nome su ba saboda tsoro. Albashina ya zama shi ne na gida uku, kuma ba ya kai tsakiyar wata. Muka koma ci sau ɗaya. Yaran Usama suka fara ramewa irin ramar da nake gani a wurin aiki, wadda na san inda take kaiwa.

Wata safiya cikin sanyin Janairu kika kira 'ya'yanki maza, kika ce su ɗauko dagi da buhu. Maigidana ya gane nufinki, ya ce a'a, a ƙara haƙuri, ana cewa an kusa buɗe boda. Kika ce, “Mi za a jira? Ɗiyan ga ba su iya jiran shekara ashirin. Ku tone.” Da kanki kika cire ƙayar shingen farko. Suka tone duka. Usama ya so ya bar na gefen wani kututture, kika ce ya tone, domin in an bar shi ma akuya ce za ta ci, gara jikanki ya ci. Kika dafa su da hannunki kamar yadda kika saba, aka ci, aka sayar da saura aka sayi gero. Ya riƙe mu makonni. Ke kuwa ba ki kai ko ɗaya bakinki ba. Kin ce haƙoranki sun daina iyawa.

An buɗe boda daga baya, aƙalla ta ɓangarenmu, kasuwa ta fara motsi kaɗan-kaɗan. Bayan ƙaramar salla kika ce a kai ki garka. Matan giginyun sun yi fure a kan lokacinsu, kamar kullum. Amma ƙasan kowace cike yake da 'yan ƙananan 'ya'ya kore, ba su fi ƙwan kaza ba, sun zubo tun ba su yi komai ba. Kika ɗauki ɗaya kika sa aka fasa, babu ƙwallo a ciki. Kika zauna a kan kututture har rana ta yi zafi, muna roƙonki ki tashi. A hanyar dawowa kika ce wa ɗanki kada ya ƙara wahalar da kansa da kawo ki. Ba ki sake ambaton giginya ba har kika kwanta. Likita ya ce hawan jini ne da zafi. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, ban musa ba.

Inna, da na so in rufe wannan rubutu da alkawarin cewa za mu riƙe abin da kika bari. Ba zan yi miki ƙarya kina kabari ba. An fara maganar rabon gado. Akwai mai son wurin don ya kafa gidan buga bulo, ya ce zai saya har da itatuwan. Usama yana so, kuma ban ga laifinsa ba. Yaransa ne suka rame. 'Yarki Ummu tana aure a Tawa, ta ce duk abin da maza suka yanke. Maigidana ya yi shiru, kuma na san shirunsa: ba ya so, amma ba shi da abin da zai ba ƙannensa a madadi, ba shi da wanda zai tsare wurin. Ni suruka ce, ba ni da ta cewa a gadonki. Ko da an bar matan nan tsaye, babu namiji ko ɗaya a duk faɗin yankin da zai sa su haihu, kuma wanda zai binne sabo yau ya tsare shi shekara ashirin, a wannan dajin, ban san shi ba. Matan da kika koya wa sana'a sun koma sayar da ruwan leda. Jiya Shahida ta tambaye ni ko za mu je garka da damina. Na ce mata sai abin da Allah Ya yi.

Malamin da ya yi addu'a ranar uku ya ce duk abin da mutum ko dabba ko tsuntsu ya ci daga shukar bawa, ana rubuta masa lada, har abin da aka sace. Da wannan nake rarrashin kaina. Idan haka ne, to, waɗanda suka zo da zarto ma sun yi miki aiki ba su sani ba.

Ya Allah, ga baiwarKa ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka yalwata kabarinta, Ka sanyaya shi kamar yadda ta sanyaya cikin masu yunwa. Ka karɓi wahalarta, wadda ta tsaya da wadda aka sare. Ka haɗa ta da mijinta da 'ya'yanta biyu da suka riga ta, a Aljannar Firdausi. Mu kuma Ka kyautata namu ƙarshen, Ka kawo wa ƙasar nan sauƙi, don mu dabararmu ta ƙare.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidana Baban Shahida, da Ummu, da Usama, da jikokinta duka. Ga danginta na Gaya, waɗanda labari ya iske bayan an rufe ta. Ga matan tasha da suka zauna kusa da tirenta shekara da shekaru. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta.

Saura mutum biyu da ban san inda zan same su ba. Malam Boyi da Hawwa ba su da waya, kuma tun da suka tsallaka ba mu ji ɗuriyarsu ba. Ina roƙon direbobi da 'yan kasuwar dabbobi masu shiga arewa, duk wanda Allah Ya haɗa shi da wani dattijon makiyayi da ya taɓa zama bayan fadamar Amarawa, ya gaya masa Inna Mai Muruci ta rasu. Ya gaya masa a jinyarta ta ambace su, ta ce a nemi gafararsu a madadin garin nan. Idan ya tambayi giginyu, a ce masa ya yi mata addu'a.